Katakon da Ya Sha Damina Uku

Tsuneko na durƙushe a kicin, hannunta har gwiwa cikin gangar dusar shinkafa tana juya kokwambar da za ta kai kasuwa, sai 'yarta Mifuyu ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen riga.

"Inna, ranar Lahadi zai zo gaishe ki."

"Wa?"

"Kin san wa mana."

"Na san mutum dubu a garin nan. Wanne daga ciki?"

"Shunsaku!"

Tsuneko ta zaro hannu, ta karkaɗe dusar a hankali. "Au! Kafintan nan mai jan ƙafa?"

"Haba Inna! Gungume ne ya faɗo masa a wurin aiki, ba shi ya zaɓa ba. Kuma duk Kamo babu mai hannunsa a aikin katako, je ki tambaya."

"Hannu na ji. Ƙafa nake tambaya."

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwarmu ta Kamo ya san Tsuneko Hokari, mai sayar da kabeji da gauta da kokwamba da aka tsuma a gishiri. A lokacin shekara tara ke nan da mijinta Jinpachi ya rasu, kuma tun ranar ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ita kaɗai ce macen da za ta shiga kantin da aka manna wa kowane kaya kuɗinsa, ta dubi takardar, ta ce a rage, kuma a rage ɗin. Wasu na cewa rowa ce. Ƙarya suke yi. Macen da aka bar wa marainiya da rufin gida mai yoyo, in ba ta iya ciniki ba, wa zai iya mata?

Abu biyu take alfahari da su a duniya: 'yar nan tata, da bishiyar kiri, mai farin katako mara nauyi, da ke bayan gida. Jinpachi ne ya dasa ta da hannunsa ranar da aka haifi Mifuyu, kamar yadda iyayenmu ke yi, domin ranar da yarinya za ta yi aure a sare a yi mata adakar da za ta shiga gidan miji da ita. Shekara ashirin da bakwai bishiyar na tsaye, har ta fi rufin gidan tsawo.

Ranar Lahadi Shunsaku ya zo da kwalin alawar wake a hannu, ya cire takalmi, ya jera su tsaf. Aka shigar da shi ɗakin tabarma, inda akwatin ibada yake da hoton marigayi a ciki, turare na hayaƙi a gabansa.

Kowa ya san yadda ake neman 'yar mutane. Durƙusawa ake yi a kan gwiwa biyu, a naɗe ƙafafu, a kai goshi ƙasa. Shunsaku ya gwada. Gwiwar hagu ta lanƙwasu, ta dama kuwa, mai ƙarfe a ciki, ta ƙi. Ya sake gwadawa har gumi ya keto masa. Ƙarshe dai ya zauna, ƙafar dama ta miƙe santal, kuma ba ta miƙe ko'ina ba sai saitin hoton Jinpachi.

Fuskar Tsuneko ta haɗe.

"Malam, tafin ƙafa ka zo nuna wa mijina?"

"Ku gafarce ni, Inna, ba ta..."

"Inna? Yaushe na haife ka? Hokari-san za ka ce, yadda baƙo ke kirana."

"Ku gafarce ni, Hokari-san." Ya ja ƙafar da hannu biyu, ya kautar da ita gefe. "Na zo neman izininku. Ina son Mifuyu, ina so in aure ta."

"Na ji. Da me za ka riƙe ta?"

"Da aikin hannuna."

"To. In ma za a yi, sai an sare bishiyar ubanta an yi mata adaka, yadda aka yi mini."

Mifuyu da ke zuba shayi ta yi caraf ta ce, "Inna, dama maganar da muke son yi ke nan. Gidan da za mu kama da wadirob ɗinsa a jikin bango, babu inda adaka za ta tsaya, kuma ni kayan gargajiya kala nawa gare ni? Gado muke so. Shunsaku ya riga ya yi dizayin, mara tsawo sosai, mai sandunan katako a jere don iska ta riƙa ratsa shimfiɗa. Kin ga shi tashi daga ƙasa na ba shi wuya..."

"Gado!" Tsuneko ta dire kofin shayi har ya fantsama. "Bishiyar da ubanki ya yi wa hidima shekara goma sha takwas, ita za a mayar gado? Mai lafiya shimfiɗarsa yake yi a kan tabarma, da safe ya naɗe. Gado na asibiti ne! A kan gado ubanki ya cika, na ƙarfe, mai ƙara kamar ana yanka akuya!"

Hawaye ya cika idon Mifuyu.

Tsuneko ta dubi saurayin, ta dubi ƙafar, sai dabarar 'yan kasuwa ta zo mata. In ba ka son sayar da kaya, ba cewa kake ba ka sayarwa ba. Tsada kake yaɓa masa, mai saye ya gudu da kansa.

"Shi ke nan, na yarda. A yi gado. Amma ga sharaɗina. Da bishiyar nan za a yi shi, kai za ka yi da hannunka, babu ƙusa ko ɗaya. Kuma katakon ba za a kai shi injin busarwa ba. Yadda kakanninmu ke yi za a yi, a jingine shi a waje ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, har ɗacin cikinsa ya fita. Ranar da aka gama gado, ranar za a yi aure."

"Inna! Damina uku fa ke nan!" in ji Mifuyu. "Shekara talatin zan kai!"

Tsuneko ta gyara zama tana jiran tayi. A zatonta zai ce shekara ɗaya, ita ta ce biyu da rabi, ya ce ɗaya da rabi, a ja a ja har ya gaji ya tafi.

Shunsaku ya sunkuyar da kai. "Na amince."

"Me?"

"Na amince, Hokari-san. Dama kiri ba ya son gaggawa."

Ranar Tsuneko ba ta iya cin abincin rana ba. Mutumin da aka yanka wa tsada ya biya bai ce uffan ba, ko wawa ne, ko kuwa ya san darajar abin da yake saye fiye da mai sayarwa. Ta yanke wa ranta cewa wawa ne.

Da sanyi ya shigo aka sare bishiyar, aka tsaga, aka jingine katakan a jere a bayan gida, farare tas. Duk Lahadi sai ga Shunsaku a 'yar motarsa ta ɗaukar kaya. Ya juya kowane katako, na sama ya koma ƙasa, na gaba ya koma baya, ya share ganyen da ya maƙale, ya rusuna wa tagar kicin, ya tafi. Ko ruwan shayi Tsuneko ba ta taɓa ba shi ba.

Damina ta farko ta wuce, katakan suka yi toka-toka. Ta biyu ta wuce, suka yi baƙi ƙirin kamar an ciro su daga gobara. Matan kasuwa suka samu abin yi.

"Tsuneko, ya ango? Ko sai ya fara furfura?"

"Ai gara ki ajiye 'yar taki cikin ganga ki zuba gishiri, kada ta lalace kafin lokacin!"

"Tawa ko ta shekara goma a ganga ta fi naku tsada," in ji Tsuneko. "Za ku sayi gauta ko ku matsa mini?"

A gida kuwa babu dariya. Ƙawayen Mifuyu duk sun yi aure, wasu har da goyo. Wata Lahadi da kaka, Tsuneko na kicin, ta ji muryar 'yarta a bayan gida. Ta leƙa. Mifuyu na tsaye da takarda a hannu, Shunsaku na rungume da katako.

"Ga ta nan, na buga hatimina. Naka ya rage. Gobe mu kai ofishin hukumar gari, minti goma an gama, mun zama mata da miji. Doka ba ta ce sai Inna ta yarda ba!"

"Na sani."

"To buga mana!"

"Mifuyu, na ba ta magana a gaban hoton babanki."

"Tarko ta ɗana maka, kai ma ka sani! So take ka gaji!"

"Na sani tun ranar. Amma ke kaɗai gare ta. In na fitar da ke ta ƙofar baya, da wace fuska za ki riƙa shigowa ta ƙofar gaba? Yau za ki gode mini, bayan shekara biyar ki tsane ni."

"Ƙarya ne! Katakon nan ka fi so! Kullum kana shafa shi kamar jariri, ni ko kallo ban ishe ka ba. Oke, ka aure shi! Kada ka sake kira na!"

Ta yayyaga takardar, ta shige gida da gudu tana kuka. Ta wuce uwarta a kicin, ta tsaya, ta juyo.

"Kin ji daɗi, Inna? Kin ci ciniki!"

Tsuneko ta ci gaba da yanka kabeji. Ta ci ɗin, amma ba ta ji zaƙin da ta saba ji ba. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, Lahadin da ta biyo baya, sai ga 'yar motar nan ta tsaya a ƙofar gida. Ya juya katakansa, ya rusuna wa taga, ya tafi. Haka ta gaba, haka ta gaba da ita. Wata uku Mifuyu ba ta ce masa ko sannu ba, shi kuma bai fasa zuwa ba.

Sanyin shekarar ya zo da dusar ƙanƙara mai yawa. Wata safiya Tsuneko ta ɗauko gangar kabeji za ta sa a amalanke, santsi ya kwashe ta a bakin ƙofa, ta faɗi a kan gwiwar dama. Ƙoƙon gwiwar ya tarwatse. Aka yi mata aiki, ta yi wata biyu a asibiti, a kan gadon ƙarfe mai ƙara irin wanda ta tsana. Ranar sallama likita ya ce mata, "Hokari-san, kwanan ƙasa ya ƙare. Gwiwar nan ba za ta sake naɗuwa kamar da ba. Sai gado."

"Rage mini, likita. Wata shida in koma tabarma."

"Wannan ba a ragewa."

Daga asibiti Mifuyu ta wuce da ita wani babban kantin kayan ɗaki da ke bakin babbar hanya. Wani saurayi mai ɗaure da laƙtayi a wuya ya tare su da rusunawa, ya kai su sashen gadaje. Tsuneko na dogara sanda tana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kifi.

"Wannan shi ake yayi, ranki ya daɗe, da durowa a ƙasa."

Ta ƙwanƙwasa, ta sansana. "Wannan katako ne? Garin katako ne aka kwaɓa da gam. Kuma an toshe ƙasan ruf, ta ina iska za ta shiga? Damina ɗaya shimfiɗata ta yi funfuna. Gaba!"

Na biyu ta kama kansa ta girgiza, ya ce ƙiiƙ. "Ji nan! Tun ba a kwanta ba yana kuka." Na uku da ta zauna ƙafafunta suka kasa taɓa ƙasa. "Sai na sayi tsani ke nan?"

Can ta hango wani na ƙasa-ƙasa, na katakon gaske, shimfiɗaɗɗe, tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Wannan ya yi kama da kwanan tabarma, ranta ya so shi. Ta dubi takardar kuɗin, ta ja tsaki.

"Rage."

"A nan ba a ragewa, ranki ya daɗe."

"To me ya sa aka ajiye ka da baki? Da sai a bar takardar ta yi ciniki ita kaɗai. Kira mini babbanku."

"Inna, don girman Baba, mutane na kallon mu," in ji Mifuyu ƙasa-ƙasa.

"Su kalla, su koya."

Babban ya zo. Ta nuna masa wani ɗan kwarzane a ƙafar gadon da ido ba ya gani sai an tsuguna, ta ce ai wannan na nuni ne, kowa ya zauna a kai. Ba a yi rabin awa ba mutumin ya rage, ya ƙara da cewa za a kai mata har gida kyauta, yana share gumi. Tsuneko ta yi murmushin nasara, ta saki jiki ta zauna a kan gadonta.

Sai tashi ya gagara.

Ta dafa sanda, ta yunƙura, gwiwar ta ƙi. Ta sake, ta koma daɓas. Gadon ya yi ƙasa da yawa. Sai da saurayin mai laƙtayi da babbansa suka kama ta, ɗaya a kowace hammata, suka ɗaga ta kamar buhun shinkafa, jama'a na kallo. Tsuneko Hokari, wadda ba ta taɓa neman a riƙe mata ko kwando ba!

"Ba na saye," ta ce. "Mifuyu, kai ni gida."

Lahadi ce ranar, rana ta ɗan karkata. Suna isa ta wuce ɗakin tabarma don ta gaya wa mijinta ta dawo, kamar yadda ta saba duk lokacin da ta yi tafiya. Ta kunna turare. Ta lanƙwasa gwiwar hagu, ta dama ta ƙi. Ta gwada har gumi ya keto mata. Ƙarshe ta zube a zaune, ƙafar dama ta miƙe santal, tafin na kallon hoton Jinpachi.

Ta daɗe tana kallon ƙafar. Sai ta rufe fuska da hannu biyu ta fashe da kuka, irin wanda ko ranar jana'iza ba ta bari an gani ba.

Daga bayan gida ta ji ƙwas, ƙwas. Ta ɗaga kai ta taga. Shunsaku ne cikin dusar ƙanƙara har ƙwauri, yana kakkaɓe katakai yana juyawa, yana jan ƙafarsa.

Ta share ido, ta buɗe taga. "Kai! Kafinta! Shigo ka sha shayi kafin sanyi ya kashe ka a gidana a ce ni ce."

Ya shigo, ya zauna nesa kaɗan, ya kautar da ƙafarsa gefe. Ita ma tata na miƙe. Suka dubi ƙafafun, suka dubi juna.

"To," in ji Tsuneko. "Ga mu mun zama biyu. Yi dariyar mana, ai kana bi na bashinta."

"Babu abin dariya, Hokari-san. Wata shida na farko su ne masu wuya. In za ku zauna, ku fara juya kafaɗa gefe, sai ƙafar ta bi. Ni ma likita cewa ya yi sai gado, ko kun je nema?"

"Duk na banza ne. Wani ya yi sama, wani ya yi ƙasa."

"Ai ba don ƙafar kowa aka yi su ba. Ku ba ni izini." Ya zaro ma'auni daga aljihu, ya auna daga diddigenta zuwa bayan gwiwa, ya ƙara yatsa biyu. "Nan ne. In ya kai nan, da kun zauna ƙafa na ƙasa, da kun dafa kun miƙe. Ni ma sai da na faɗi sau da yawa kafin na gano."

Bayan kwana biyar ya dawo da katakan bishiyar sugi a ɗaure, jajaye masu ƙamshi. A gabanta ya haɗa su, wannan ya shige cikin wancan, yana bugawa a hankali da gudumar katako, babu ƙusa, babu gam. Ya juya kan gadon gabas. Tsuneko ta lura, domin gawa kaɗai ake kwantarwa kai na arewa, kuma yaran yanzu ba su damu su duba ba. Ta zauna. Ta dafa. Ta miƙe tsaye ita kaɗai! Ta sake zama, ta sake miƙewa, har sau uku.

"Nawa?"

"Babu komai."

"Kai, kiyaye ni! Na yi maka kama da mai karɓar sadaka? Faɗi kuɗinka."

"To ku ba ni ɗan kwanon gautar nan taku."

"Kwano? Aikin nan kwano? Raina ni ka yi ko raina hannunka? Ganga guda!"

"Ta yi yawa, Hokari-san, ni kaɗai ne. Rabi."

"Ganga biyu, in ka ƙara magana ta zama uku!"

Sai suka ji an tuntsire da dariya a bakin ƙofa. Mifuyu ce, dariya take hawaye na zuba. "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Inna na ciniki tana hawa sama!"

"Zo nan ki zauna," in ji Tsuneko. Ta gyara murya, domin maganar da za ta yi ta fi ƙashin kifi wuyar haɗiya. "Shunsaku, tarko na ɗana maka, kuma ƙafarka na raina. Ga shi an ba ni irinta. Na janye sharaɗina. Kwashe katakan nan ka kai inji, ka yi gadonku, a yi biki kafin furanni su fito."

"Ku gafarce ni, wannan kam ba zan iya ba."

"Me? Ina rage maka kana ƙi?"

"Ɗacin bai gama fita ba, saura damina ɗaya. In na yi aiki da shi yanzu zai yi kyau ranar biki, amma bayan 'yan shekaru ya fara fitar da tabo baƙi-baƙi. Duk wanda ya gani zai ce bishiyar Jinpachi-san ce ba ta da kyau. Ba zan ja masa wannan ba."

Tsuneko ta dubi hoton. "To a yi auren yanzu, gado ya biyo baya. Wannan shi ne tayina na ƙarshe."

Shunsaku ya juya ga Mifuyu, karo na farko cikin wata biyar suka haɗa ido. "Wannan ba ni zan amsa ba. Ita aka sa jira, ita na ɓata wa rai."

Mifuyu ta dubi baƙaƙen katakan ta taga.

"Ranar da na yaga takardar nan na ɗauka ba za ka sake zuwa ba," ta ce. "Duk Lahadi ina bayan labule ina jiran ƙarar motarka. Sori, Shunsaku, na faɗa maka magana mara daɗi." Ta juya ga uwarta. "Inna, shekara biyu na yi ina jira dole, ina zagin kowa a zuci. Waɗannan 'yan watannin da suka rage ni zan jira da kaina. Baba ba zai raka ni gidan miji ba. Ina so bishiyarsa ta riga ni shiga."

"Ku biyun nan kun haɗa baki ku karya ni," in ji Tsuneko tana jan hanci. "Shekara arba'in ina kasuwa, ban taɓa karyar da kaya mai saye ya ce sai ya biya cikakke ba!"

Damina ta uku ta zo ta wuce. Yanzu duk Lahadi mutum biyu ke juya katako, ta ukun na zaune a bakin taga tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta, shayi na jiran su.

Da kaka Shunsaku ya ɗora katako na farko a kan benci a tsakar gida, baƙi, busasshe, duk wanda ya gani zai ce na hura wuta ne. Ya ɗauko abin da kafintoci ke fere katako da shi, ya ja sau ɗaya zuwa ƙirjinsa. Baƙin ya naɗe ya faɗi kamar ɓawon albasa. Abin da ke ƙasa fari ne sol, mai sheƙi kamar siliki, mai laushi kamar kuncin jariri. Mifuyu ta ɗora tafin hannu a kai, ta ce, "Baba."

Ana saura kwana uku biki aka haɗa gadon a sabon gidansu. Tsuneko ta zo duba kaya da sandarta. Ta leƙa ƙasa, ta ƙirga sandunan, ta bi kowace kusurwa da yatsa tana neman kan ƙusa, ba ta samu ba. Ta tambayi ina gabas, aka nuna mata. Sannan ta ajiye sanda, ta kama kan gadon da hannu biyu, ta girgiza da duk ƙarfinta. Ko ƙis bai ce ba.

"Ba laifi," ta ce. A bakin Tsuneko babu yabon da ya wuce wannan.

"Akwai saura, Hokari-san." Shunsaku ya ɗauko wani abu a naɗe cikin ƙyalle. 'Yar kujera ce, fara, mara nauyi, mai ƙafa huɗu. "Guntun da ya rage ne daga gindin bishiyar. Tsawonta daidai da gadonku. In kun zauna a kanta gaban akwatin ibada, ƙafafunku biyu na ƙasa, ba mai nuna wa kowa tafin ƙafa."

Tsuneko ta karɓa, ta rungume ta a ƙirji. Bakinta ya buɗe zai tambayi nawa, don sabo, sai ta rufe shi.

"Wace ce kuma Hokari-san?" ta ce, tana harararsa da jiƙaƙƙen ido. "Surukin mutum guda ya tsaya yana kiranta kamar mai karɓar haraji! Ba ka da Inna ne?"

"Ina da ita, Inna."

"To ɗauko mini sandata."

Ku 'yan mata da samari masu karanta wannan, ga abin da nake so ku riƙe. Mai son ku na gaskiya ba a ranar da ya zo da alawa ake gane shi ba, a Lahadin da ba wanda ya ce masa sannu amma ya dawo ake gane shi. Wanda ya ƙi raba ki da uwarki, ko da ke kika roƙe shi, riƙe shi da hannu biyu. Jira yana baƙanta mutum a ido kamar yadda ruwa ya baƙanta katakon nan, amma ɗacin ciki yake fitarwa. Ku kuma iyaye 'yan'uwana, ku ja ciniki a kan gauta da kifi iya ƙarfinku, ba na hana ku. Amma kafin ku raina ɗan wani saboda abin da bai zaɓar wa kansa ba, ku tuna santsi na nan a bakin ƙofar kowa.

Tsuneko na nan har yau a kasuwa, tana hana mutane sakat. Kowace safiya kafin ta fita takan zauna a kan 'yar kujerar nan, ta kunna turare, ta ba Jinpachi labarin jikarsa, da ɗan dashen kiri da Shunsaku ya kafa a bayan gida ranar da aka haife ta.